Hannun Daman Malam Idrisa

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris na shekarar 1978, gab da kiran sallar azahar, Allah ya karɓi ran Malam Idrisa Sambo a lopital, wato asibitin Garwa, bayan zazzaɓin da ya dawo da shi daga bakin ruwan Mbakawu, can wajen Tibati. Na Allah muke, kuma wurinsa za a tattara mu, da mai jinya da mai dubiya. Ya bar matarsa Dela, da ɗansa Bilya mai tuƙin kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Ngawundere da Garwa, da 'yan mata biyu, Aminatu da Karimatu.

Ni Hamidu ne, mahauci, haifaffen unguwar Hausare. Hannuna ya fi sanin wuƙa a kan alƙalami, kuma da an yi wa mamacin nan abin da ya kamata, da na yi addu'ata na koma rumfa, ban dami kowa da rubutu ba. Amma ba a yi ba. Tun ranar jana'izarsa, in na zo wucewa ta ƙofar gidansa sai in canza hanya, ni da na yi shekaru ina cin tuwon gidan. Kunya ce, ba zan sa mata wani suna ba. Kunyar abin da mu mahauta da dillalan shanu na garin nan muka yi wa mutumin da yake nema mana sauƙi.

Malam Idrisa, bari in yi magana da kai kai tsaye, yadda muka saba.

Mahaifinka falken goro ne, jikan Kanawa kamar yawancinmu. Ya sa ka lekkol, makarantar boko, a lokacin da ake yi wa mai yin haka kallon wanda ya zubar da ɗa. Ka je Yawunde ka karanci ilimin ƙwari, ka dawo gida ka kama aiki a wani ɗakin bincike na bayan gari, ƙarƙashin wani Bature, Dokta Philippe, tare da abokin aikinka Théodore, mutumin Kudu. Abu biyu kuka sa a gaba. Ɗaya ƙudan tsando, wanda ke sa wa shanu sammore su rame su mutu. Ɗaya kuma man shafawa da zai hana sauro sauka a jikin mutum.

Ban manta safiyar da ka fara zuwa mahauta ba. Ka jingine ɗan babur ɗinka mobilet, ka sauke akwatin ƙanƙara, ka fito da kwalabe masu murfi, ka yi sallama ka ce jini kake so, wanda bai taɓa ƙasa ba. Na dube ka daga hula har takalmi.

“Malam, jini dai? Najasar da muke kora da ruwa?”

“Ba ni zan sha ba, Hamidu. Dabbobina ne ke jin yunwa.”

Da ka ce dabbobin ƙudaje ne, na yi dariya har na ajiye wuƙa. Na ce Fulani na kiwon shanu, mu muna yankawa, kai kuma duk karatun nan na Yawunde a kiwon ƙuda ya ƙare? Daga ranar na sa maka suna Makiyayin Ƙuda, kai kuma ba ka taɓa bari na ci bulus ba. Kakan leƙa rumfata ka ce, “Naka sun fi nawa ƙiba, Hamidu, kuma kai ba ka ko ƙirga su.”

Ka zaunar da ni a kan benci ka yi mini bayani da harshen sana'ata. Ka ce macen tsando galibi sau ɗaya namiji ke hawanta a rayuwarta. To ku kuna kiwon maza a ɗaki, a haska su da wani haske da ke kashe musu iri, kamar yadda ake fiɗiye bijimi, sannan a sake su a kurmin bakin rafi. Duk macen da ta gamu da fiɗiyayye ta gama haihuwa. In aka yi ta yi, sai iri ya ƙare a wurin ba tare da an fesa wa ruwa da ciyawa guba ba. Ka ce gwaji ne, ba ku san ko zai yi ba tukuna. Na taɓa zuwa na gani da idona: 'yan akwatunan raga a jere a kan wata fata ta roba mai ɗumi, jinin mahautarmu a ƙarƙashinta, ƙudajen na tsotsa har cikinsu ya yi ja. Na fito ina cewa ikon Allah.

Abin da ya fara jawo maka magana ƙanƙane ne. A cikin kowace kwalba akwai 'yan duwatsun gilashi, in ka tari jini daga wuyan saniya sai ka yi ta girgizawa don kada ya daskare. Ƙarar tana yin kacau-kacau. Wani mai wankin tumbi ya ce ai wannan kiran iskoki ne. Wasa ya yi, na rantse wasa ya yi, don da bakinsa a buɗe yake dariya. Amma magana zarar bunu ce. Kafin damina ta zagayo, a bakin rijiyar Hausare ana cewa Idrisa na kai wa aljanun Nasara jini.

Alhali me ba ka yi mana ba? Kai ka zana wa kafinta akwatin ragar waya da muke rufe nama a ciki, har matan ma'aikata suka fara tsallake rumfuna biyar su zo tawa. Kududdufin bayan mahauta da ya shekara yana haifar sauro, ka gaji da faɗa mana, ran nan ka zo da fartanya ka naɗe wando ka fara yanka masa hanya da kanka, sai da muka ji nauyi muka karɓa. Lokacin da sauro ya hana 'yata Lauratu barci tana goyon fari, jaririn duk ya yi ƙuraje, ka kawo mini ɗan gwangwani da mai a ciki, man kaɗanya da na 'ya'yan dogon yaro da ganyen ɗaɗɗoya da wani abin da ban san sunansa ba. Ka ce a shafa wa uwar a hannu da ƙafa, a shafa a bakin zanen goyo, kada a sa wa yaro a fuska. Ka ce, “Wannan an gwada shi sosai, kada ka ji tsoro.” Ban tambaye ka a kan wa aka gwada ba. Ko a raina abin bai zo ba.

Man nan ya yi suna a unguwa. Matan da ke cewa kai maye ne su ne ke aiko wa matata Hajjo da ƙoƙo a ɗiba musu. Kada wani ya ce ba su san daga ina yake ba. Wallahi sun sani! Ba sa son karɓa daga hannunka ne kawai, sai ya bi ta gidana ya wanke. Na ce maka mu daina ba su, su je sauro ya cinye su. Ka ce, “Haba Hamidu, sauron ba uwar yake cizo ba, yaron yake cizo.” Ka ci gaba da kawowa.

Sai shekarar da sammore ya shiga garken Alhaji Mahamman, babban dillalin shanu na kasuwarmu. Makiyayansa sun kai shanun kurmin da tsando ke ciki tun kakanninmu, saboda fari ya ƙone ciyawa a sarari. Amma ɗaya daga cikinsu ya ce ya ga Idrisa a bakin rafi yana buɗe akwati, ƙudaje na fita. Gaskiya ne ya gani, a wani rafin dabam, mai nisan yini guda. Wa ya tsaya tambayar wane rafi? Aka kira ka zauren Sarkin Fawa, zaure ya cika har waje. Ka yi bayaninka na fiɗiya a natse, da Hausa ka maimaita da Fulatanci. Alhaji Mahamman ya bari ka gama, sannan ya yi maka tambaya ɗaya.

“Waɗannan fiɗiyayyun naka, suna cizon saniya ko ba sa yi?”

Ina gefenka, na taka maka ƙafa, a raina ina roƙonka. Ka ce a'a mana, bawan Allah, ka ce ba sa yi, kowa ya tashi! Wa zai bi ƙuda daji ya duba bakinsa?

Ka ce, “Suna cizo, Alhaji. Haihuwa ce ba sa yi.”

Zaure ya ɗauki salati. Duk abin da ka faɗa bayan wannan, cewa kuna ƙosar da su kafin saki, cewa wurin ba ɗaya ba ne, babu kunnen da ya shiga. Da muka fito na zazzage ka tas, na ce kai wane irin mutum ne da ba ya iya ceton kansa da kalma ɗaya. Ka ce in ka yi musu ƙarya yau, ranar da ka zo musu da gaskiya da me za su gane ta. Na ce je ka, ai ga gaskiyar nan ka ci. Har yanzu ina jin haushin amsar nan taka, kuma har yanzu ban sami abin da zan kushe ta da shi ba.

Juma'ar da ta biyo baya, bayan an sallame, ka miƙa wa Alhaji Mahamman hannu a ƙofar masallaci. Ya dube shi, ya mayar da nasa cikin babbar riga, ya wuce. A gaban jama'a. Daga ranar abin ya zama kamar doka. Mutanen da kuka yi wasan ƙasa tare, in ka miƙa hannu sai su dafe ƙirji su ce lafiya lau daga nesa. A walima a bar maka akushi kai kaɗai. Masar Dela, wadda da kafin hantsi ta ƙare, ta koma kwantai, har ta kife tanda. Aminatu da Karimatu suka zama 'ya'yan maye a bakin sa'o'insu. Kai kuma ba ka fasa miƙa hannun ba. Kowace Juma'a sai ka miƙa, a ƙi, ka mayar. Nakan kau da kai don ba na iya kallo.

Da abin rigarka ma suka haɗa. Duk zafin Garwa, a watan da kwalta ke narkewa, ba a taɓa ganinka ba sai da riga mai dogon hannu, maɓalli a ɗaure har wuyan hannu. Ko alwala a gida kake yi ka fito. Wasu suka ce kambuna ka jera har gwiwar hannu. Wasu suka ce shaidar masu shan jini ce a jikinka. Na yi faɗa a kan wannan har na kusa ɗaga wa ƙanina hannu a cikin kasuwa. Na ce ɗabi'ar 'yan lekkol ce kawai. Ni ma iyakar sanina ke nan.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ni ke wanke mamatan layinmu tun rasuwar mahaifina, don haka da aka kawo ka gida ni na shiga, Bilya na zuba mini ruwa. Aka zare rigar. Na fara da dama yadda shari'a ta ce. Malam Idrisa, na shekara talatin ina feɗe dabba, ban taɓa ganin fata irin wannan ba. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa babu wurin da za a ɗora kan yatsa. Tabo a kan tabo, tsoho ya yi baƙi ya kaurara kamar ƙirgi, sabo yana ja a kansa. Na juya na hagu, sai na gan shi sumul, in ban da ɗigo nan da can da wani wuri da ya yi kamar ƙuna. Babu kambu, babu laya, babu shaidar kowa. Na dubi Bilya, ya sunkuyar da kai, ruwa na zuba a ƙasa bai sani ba. Ya ce, “Baba Hamidu, cewa ya yi kada mu faɗa. Wai in an gani za a ce kuturta ce, a ƙara guje wa Inna.”

Muka fito da kai. A nan ne ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Unguwar da in akuyar mai kuɗi ta mutu sai an yi cincirindon jaje, ga makarar ɗan unguwa a ƙofar gida, mutane ba su cika sahu ɗaya ba. Liman Hassan ya duba hagu ya duba dama, ya ɗan jira ko wani zai ɓullo, sannan ya raba mu gida uku don a sami sahu uku ko da na mutum bibbiyu da uku-uku ne. Daga inda na tsaya ina jin sarar gatari a kan ƙashi daga rumfunan mahauta. Ba wanda ya rufe rumfa. Mutanen da ka yi shekaru kana yi wa sallama kowace safiya, suna can suna awon nama. Assha! Wallahi na ji kunyar zama mahauci a ranar, sana'ar ubana da kakana.

A maƙabarta akwai mutum ɗaya da ya tsaya can gefe a gindin bishiya, hularsa a hannu, tun daga saukar da kai har aka gama tura ƙasa. Théodore ne. Ba addininmu ɗaya ba, bai san me ake karantawa ba, amma ya zo, cikin ranar nan mai ƙona ƙeya. Da aka shafa fatiha na je na same shi, na tambaye shi da Fulatancin da muke haɗuwa a kai, me ya sami hannun abokina.

Ya ce haka ake gwada man sauro. A shafa wa hannu ɗaya, a bar ɗaya haka nan, a zura su cikin akwatin raga mai cike da sauro masu yunwa, ko a zauna a bakin ruwa inda suke, a ga nawa suka sauka a nan, nawa a can. In babu hannun da aka bari tsirara, ba yadda za a san ko man ne ya yi aiki ko sauron ne ba sa jin yunwa. Da, leburori ake ɗauka su ba da hannuwansu. Da ɗaya ya kwanta zazzaɓi, ka ce ba za ka sake zura hannun wani a akwati ba, naka na nan. Wannan tafiya ta Mbakawu ma abin da ya kai ka ke nan, kana gwada wani sabon haɗi saboda masuntan wurin.

Na ce to me ya sa dama kaɗai ta lalace?

Ya ce ƙa'idar aikin a riƙa sauyawa, yau a shafa wa dama, gobe hagu. Kai ka ƙi. Dokta Philippe ya yi faɗa har ya gaji, ya ce kana ɓata masa lissafi. Ka ce man da ake gwadawa ba a san sharrinsa ba tukuna, wani na ƙona fata, wani ko an wanke da sabulu ba ya fita duka. Ka ce da dama kake gaisawa da mutane, da ita kake sa hannu a akushi tare da su, ba za ka kwaso abin da ba ka tabbatar da shi ba ka shafa wa wani a tafi. Don haka magani kullum a hagu, dama kuwa ta sauro ce.

Jama'ar Hausare, kun ji. Hannun da kuka ƙi karɓa, saboda ku aka bar shi tsirara. Yana tsare muku shi da tsabta don ku gaisa, ku kuna ɓoye naku a riga.

Ban ce cizon ne ya kashe shi ba. Likita bai faɗa mini haka ba, kuma ajali ba ya jiran sauro. Ban kuma ce gwajin ƙudajensa ya yi nasara ba, shi kansa bai taɓa cewa haka ba, kuma ban san ko za a ci gaba da shi a bayansa ba. Abin da na gani da idona kawai na faɗa. Shi ma sai da na je wurin Liman Hassan, don na san mai wankan gawa amana aka ba shi, abin da ya gani a rufe yake. Liman ya ce aibi ake rufewa, alheri kuwa a faɗe shi. Na nemi izinin Bilya, ya shiga ya tambayi mahaifiyarsa, ta aiko cewa in faɗa, yanzu ba abin da ya rage da za a guje mata a kai. Malam Idrisa, ka yafe mini tona abin da ka rufe. Rufewar ba ta tsare su ba.

Ga abin da ya sa ban bar maganar a cikina ba. Dela ta ce in ta fita takaba za ta kwashe 'yan matan ta koma wurin 'yan'uwanta a Tibati, don ba za ta aurar da su a garin da ake kiransu 'ya'yan maye ba. Gidan da Sambo mai goro ya gina da hannunsa za a rufe shi da kwaɗo. In ta tafi a kan haka, mu muka kore ta, kuma sunan zai bi yaran har inda suka je, don kamiyo ba ya barin labari a tasha. Ba na roƙonta ta zauna, ba ni da wannan fuskar. Ku nake wa magana. Wadda ta taɓa aiko da ƙoƙo gidana, ta san hanyar gidan Dela, ta je ta yi mata gaisuwa da rana tsaka kowa na gani. Man ma ya ƙare, kada wadda ta sake aiko wa Hajjo.

Ranar Juma'a mai zuwa kuma, in Allah ya kai mu, zan tsaya a ƙofar masallaci bayan an sallame, daidai inda aka saba barin hannun Idrisa a iska. Bilya zai tsaya kusa da ni, ya yarda. Alhaji Mahamman, kai ne babba, kai ka fara, kuma da girmanka nake kiran sunanka. An yi maka asarar shanu, ba wanda ya musa, zafin asara kuma yakan sa mutum ya ga abin da babu. Hannun uban ya wuce, ba za ka ƙara samunsa ba har tashin ƙiyama. Na ɗan yana nan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Dela, da Bilya, da Aminatu da Karimatu, da dangin Sambo na Garwa da na Mayo-Oulo, da Théodore da sauran abokan aikinsa. Allah ya ba ku haƙurin da mu ba mu cancanci ku yi da mu ba. Allah ya raya abin da ya bari, ya tsare su daga bakin mutane.

Ya Allah, ga bawanka Idrisa ya zo maka, sahunsa bai cika ba, ka cika masa da mala'ikunka. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Mu kuma da muka rage, ka yafe mana zaton da muka yi, ka ba mu ikon neman gafarar iyalinsa tun muna da numfashi. Ranar da za a raba wa kowa littafin aikinsa, ya Ubangiji, ka miƙa masa nasa a wannan hannun na dama da muka ƙi karɓa. Amin.